Sassaben Zamani: Abin da Kuɗin Tallafi Ke Iya Saya a Gona

A bakin hanyar shiga garinmu akwai wani allon ƙarfe da ya fi shekara goma a tsaye. Rana ta cinye fentin, amma in ka matsa kusa kana iya haɗa baƙaƙen: nan ne aka dasa itatuwa dubu kaza domin tare hamada. Bayan allon kuwa fili ne fetal, sai dai in ka tona rairayi da ƙafa ka ci karo da guntun baƙar ledar da aka reni dashen a ciki. Ina wurin ranar da aka yi bikin. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, babban baƙo ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya dasa na farko, aka zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu. Tankar ruwa ta dawo sau biyu ko uku. Da kaka ta wuce aka saki dabbobi, awaki suka ƙarasa aikin.

Ba wanda ya yi mamaki, ba kuma wanda abin ya yi wa zafi, don itatuwan ba na kowa ba ne. Na masu allo ne, su kuwa sun riga sun rubuta rahotonsu.

Amma in ka haye iyaka ta Jibiya ka bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko ka fita ta Daura ka nufi Matamaye da Magarya, za ka ga wani abu dabam. Gonakin gero cike suke da gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, a warwatse, ba a layi ba. Babu allo, babu waya, babu mai gadi da ake biya albashi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo haka a kudancin Nijar ta kai hekta miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200, kuma kusan duka ba dasa su aka yi ba. Abin da ya sa labarin ya cancanci a zauna a kansa shi ne can ma kuɗin tallafi ya shiga. Tambayar ita ce me ya saya a can wanda bai saya a garinmu ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane yadda gonakin suka zama tsirara tun farko. Fari na ciki, musamman wanda ya ɗauko daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, amma ba shi kaɗai ba ne. Tun zamanin Faransa, da aka matsa wa mutane su noma gyaɗa don biyan haraji, malaman gona ke koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, garmar shanu ta wuce ba ta ci karo da kututture ba. Sannan ga doka. Dokar daji da Faransa ta kafa wa yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma a 1935 ta ɗora ikon itatuwa masu daraja a hannun hukuma, kuma bayan samun 'yanci Nijar ta ci gaba da tafiya a kan wannan turba. Gawon da ke tsakiyar gonarka ba naka ba ne. In ka sare reshe malamin daji ya ci ka tara, in wani ya zo daga birni da takardar izini ya sare shi gaba ɗaya ba ka da ta cewa. To, mai hankali me zai yi? Sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zame masa jidali. Dokar da aka yi don kare itace ita ta koya wa manomi ƙin itace.

Da fari ya tayar da hankalin duniya, sai ƙungiyoyi suka yi ta shigowa da abin da suka iya: gidajen renon dashe, bedi da turare, shinge, rijiya, ma'aikata. Wasu sun yi nasara a iya wurin da suka tsaya, kamar layukan bedi masu tare iska da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara kafawa a kwarin Majiya na Nijar daga 1975. Mafi yawa dai irin na garinmu ne.

Cikin masu wannan wahala akwai wani matashi ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin mishan ɗin SIM. Ya yi ta dasawa suna mutuwa. Yadda shi kansa ya sha ba da labari, wata rana a 1983 yana jan tirela cike da dashe zuwa ƙauye, ya tsaya ya rage iskar taya don kada motar ta kafe a rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan kurmin nan da ke ko'ina a gonaki, waɗanda kowa ke sarewa lokacin sassabe. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare tun tuni, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara yana toho, kowace shekara ana datse shi a ƙone. Wato dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin gona ne, da saiwar da ta riga ta isa ruwa, abin da dashen leda zai yi shekaru yana nema in ma ya rayu.

Dabarar ba ta da wani sirri. Idan kututture ya fitar da toho ashirin, ka zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ka ɗaura musu tsumma don mai wucewa ya san da mai su. Duk ƙarfin tsohuwar saiwa sai ya koma kan waɗannan 'yan kaɗan, cikin shekara biyu ko uku sun fi mutum tsawo. Manoman Maraɗi suka sa masa suna sassaben zamani. Gaskiyar magana ma ba sabon abu ba ne. Kakanninmu sun san barin toho, kuma har yau a Damagaram ana ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya tsananta hukunci a kan mai saren gawo. A karkarar Kano ma, wadda masanin nan ɗan Birtaniya Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari, manoma ba su taɓa daina riƙon ɗorawa da kuka da tsamiya a gonakinsu ba. An dai manta ne, ko kuma an tsorata mutane suka bari.

Da farko mutum goma sha wani abu ne suka yarda su gwada, kuma sun sha dariya. Barin itace a gona alamar ragwanci ce a idon maƙwabta. Da dare kuma a zo a sace tohon a kai murhu.

Sai ga 1984, shekarar yunwar da wasu a Nijar ke kira El Buhari saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyaka. A nan ne kuɗin tallafi ya shiga da ƙarfinsa. Aikin raya karkara na SIM a Maraɗi ya samu hatsin agaji, ya kuma gindaya sharaɗi: wanda zai karɓi abinci sai ya bar toho a gonarsa ya kula da shi. Ƙauyuka kusan 100 suka shiga, aka bar itatuwa kamar dubu 500. Mutane sun yi ne don ciki, ba don sun gamsu ba. Da damina ta yi kyau aka daina rabon hatsi, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare su.

Wannan lissafin shi ne ya fi komai koyarwa a duk labarin, kuma shi aka fi tsallakewa. Da an aiko mai duba aiki ranar da ake rabon hatsi, da ya rubuta gagarumar nasara. Da an aiko shi bayan shekara biyu, da ya rubuta asara, ya ba da shawarar a rufe. Duka biyun kuwa da sun yi kuskure. Hatsin bai sayi itace ba, don itacen da aka saya da hatsi ya tafi tare da hatsin. Abin da ya saya shi ne damina ɗaya ko biyu da dubban mutane suka ga gero ya yi a gindin kalgo da idonsu, a gonarsu, ba a gonar gwaji ta hukuma ba. Ya kuma sayi wani abu da ba a sa shi a kasafi: tunda kowa a gari ya bari lokaci ɗaya, babu wanda za a nuna da baki a ce rago. Talakan manomi ba ƙin sabon abu yake yi ba. Damina ɗaya gare shi a shekara, rumbu ɗaya, in gwaji ya ci tura ba shi da inda zai dafa. Duk wanda ya ɗauke masa wannan kasada na shekara guda ya ba shi damar yin hukunci da kansa. Kashi ɗaya cikin ukun da suka ƙi sarewa su ne suka yi hukuncin, daga gare su kuma abin ya bazu, a kasuwa, a wurin suna, a bakin 'yan ci-rani.

Me suka gani? Abu na farko iska. Duk wanda ya yi noma a jigawa ya san yadda guguwar farkon damina ke kwaso rairayi ta yanke tsiron gero ko ta binne shi, a sake shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare, damina ta yi nisa. Inda akwai itatuwa sau da yawa shuka ɗaya ta isa. Sai ganyen da ke zuba ya ruɓe, da dabbobin da ke fakewa a inuwa da rani su bar kashi. Shi gawo kuma halinsa dabam ne: yana kaɗe ganye da damina, lokacin da amfanin gona ke son rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabba ke neman abin ci, ga 'ya'yansa da ake tarawa a buhu a sayar, ga saiwarsa da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Matan da ke yini a daji neman itacen girki suka koma samun sa daga rassan da aka rage a gona. A yunwar 2005 an lura cewa gidajen da ke da itatuwa sun samu abin sayarwa su sayi hatsi, ba sai sun rabu da akuya ta ƙarshe ba.

Duk wannan da bai yiwu ba in da itacen ya ci gaba da zama na hukuma. Ma'aikatan aikin sun lallashi hukumar daji ta Maraɗi ta sassauta, ta bar wanda ya reni itace ya ci moriyarsa. Sannan wani abin dariya mai ban tausayi ya taimaka: farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya bushe, shugaban ƙasa Seyni Kountché ya rasu a 1987, siyasa ta rikice, malaman daji suka rage shiga ƙauye. Rashin hukuma ya yi wa itace abin da hukuma ta kasa. Doka ta biyo baya a hankali, da tsarin dokokin karkara na 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, har zuwa 2020 da gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Kusan shekara arba'in ke nan takarda na bin sawun abin da manoma suka riga suka yi.

Har wajen 2004 duniya ba ta san girman abin ba, don ba aikin kowa ba ne balle ya kai rahoto. Sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya ɗora hotunan sama na 1975 a kan na sabon ƙarni, shi da Chris Reij ɗan Holan da Mahamane Larwanou ɗan Nijar suka bi ƙauyuka suna tabbatarwa. A nan ya kamata a yi adalci a kan abu biyu. Rinaudo ya cancanci yabon da ya samu, har da lambar Right Livelihood ta 2018, amma gawon Magarya da Matamaye da Mirya ba mishan ne ya kai shi ba, mutanen wurin ne suka farfaɗo da al'adarsu da ƙasa ta ƙure musu. Na biyu, adadin nan da ake yawan ambata, cewa an samu ƙarin hatsi tan dubu 500 a shekara, ba auna shi aka yi a ma'auni ba. An ɗauki ƙarin kilo 100 a kowace hekta aka ninka da miliyan 5. Ƙiyasi ne, kuma akwai masanan da ke cewa dawowar ruwan sama bayan shekarun fari ta taka rawar da ba a cika faɗa ba. Suna da hujja. Sai dai hotunan sun nuna wuraren da ƙauyuka biyu ke fuskantar juna a kan iyaka, ruwa ɗaya ke dukansu, ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, amma ɓangaren Nijar ya fi namu itatuwa nesa ba kusa ba. Gajimare dai bai san kwastan ba.

Akwai wani labari makamancin wannan daga jihar Tawa. A 1989 wani aiki da IFAD, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke ɗaukar nauyi a yankin Illela ya kwashi manoma 13 ya kai su Yatenga a Burkina Faso, ƙasar su Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi suna a wannan fanni, suka ga yadda ake farfaɗo da fako da 'yan ramuka. A haƙa rami kamar faɗin ƙwarya da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya nutse maimakon ya gudu, a shuka gero a ciki. Da suka dawo suka gwada a 'yan hektoci, suna kiran sa tassa. Shekarar 1990 ruwa ya yi gardama, gonakin tassa ne kawai suka ba da abin kirki. Daga nan ba a sake bukatar wa'azi ba. Fakon da a da ko kyauta ba mai so ya koma abin ciniki, matasa suka samu sana'ar haƙa da rani. Cikin duk abin da aikin nan ya kashe, da wuya a samu kuɗin da ya yi albarka kamar kuɗin motar nan. Amma ga ɓacin rana a ciki: mai hali shi ke iya sayen fako ya biya 'yan ƙwadago su haƙa masa dubban ramuka, shi ke da dabbobin da za su ba shi taki. Talakan da ya sayar da fakonsa da arha sau da yawa shi ya dawo yana haƙa wa wanda ya saya.

Buhun adana wake na PICS ma haka ya bi, duk da shi kaya ne na sayarwa. Jami'ar Purdue ta Amurka ta samu tallafin gidauniyar Gates a 2007, bayan binciken da aka faro tun a arewacin Kamaru. Leda biyu masu kauri a cikin buhu, a ɗaure kowace dam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Maimakon a yi ta rabon buhu kyauta, sai aka kashe kuɗin a kan nuni: a ɗaure wake a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance a gaban jama'a. Aka kuma sa masana'anta, har da ta Kano, su ƙera, 'yan kasuwa su sayar. Wanda ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari zai san darajar wannan leda.

To, in haka ne, me ya sa har yau allo da dashen leda suka fi yawa? Don mai ba da kuɗi ma yana da wanda zai yi wa bayani, kuma abin da ake ƙirgawa ya fi sauƙin bayani. Dashe dubu ɗari yana da rasit, yana da hoto, yana da ranar ƙaddamarwa. Manomin da ya sauya ra'ayi ba shi da rasit. Aiki kuma shekara uku ne zuwa biyar, alhali gawo bai fara biyan mai shi sosai ba sai an rufe ofis an sayar da motoci. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya: sassaben zamani ba shi da kwangila. Ba a sayen leda, ba a sayen waya, ba a hayar tanka. Abin da ba a sayen komai a cikinsa ba shi da mai kare shi a ɗakin taron da ake rabon kasafi.

Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 da wannan tunanin aka faro ta: ɗamarar dashe mai tsawon kilomita kusan dubu 8 daga Senegal zuwa Jibuti. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna abin da aka cimma a ainihin yankin bai wuce kashi 4 cikin ɗari na hekta miliyan 100 da ake buri kafin 2030 ba. A Janairun 2021 aka yi alkawarin sama da dala biliyan 14 a Faris. Masu tafiyar da shirin sun sauya harshe, yanzu suna maganar farfaɗo da gonaki ne fiye da gina katanga, kuma Nijar suke nunawa a matsayin misali. A Najeriya akwai hukumar ganuwar da ke aiki a jihohi 11, ga shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. A kula, wannan rance ne mai sauƙi, ba kyauta ba. Kalmar tallafi ta zama babbar riga a bakinmu, kyauta da rangwame da bashi duk ita muke sa musu, shi ya sa da Babban Banki ya fito da bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, da yawa suka karɓa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Dashen da ya mutu a bayan allo, in da rance aka saye shi, jikokinmu za su biya kuɗin inuwar da ba su sha ba.

Ba ina cewa kuɗi mai yawa ba shi da amfani ba ne. Inda buldoza ta tumɓuke saiwa, ko zaizaya ta kwashe ƙasa har dutse ya fito, babu tohon da za a rena, sai an dasa, sai an gina, kamar yadda aka yi a Keita ta jihar Tawa daga 1984 da kuɗin Italiya da guminsu matan yankin. Shirin Fadama na farko a Najeriya a shekarun 1990 kayan aiki ya yaɗa, 'yan gajerun rijiyoyin bututu da injin ban ruwa, kuma ya kama, don abu ne da manomi ke iya saya da gyarawa a kasuwar garinsu bayan an tashi. Shi ma ya zo da nasa ciwon, domin fadamar da aka mamaye da tumatir da albasa ita ce makiyayar rani ta Fulani, abin da ya sa zagaye na biyu ya nemi zaunar da manomi da makiyayi da masunci a inuwa ɗaya.

Shi kansa sassaben zamani yana da inda yake tsayawa. Mai noma gonar aro ko haya ba zai rena itace ba, mai gonar ma ba zai bari ba, don a al'adarmu itace kamar sa hannu ne a kan ƙasa. Mace da ke noma ɗan gayaunan da miji ya yanka mata ita ce ta fi kowa bukatar itacen, ita ce kuma ba ta da ikon cewa a bar shi. Masu tarakta ba sa son kututture. Wasu na kukan tsuntsaye. Ga mai gawayi, ga makiyayin da zai hau gawo ya sassare rassa da tsakar dare. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye na jihar Maraɗi, an magance wannan ne da kwamitin gari da ya haɗa maza da mata da Fulani, suka kafa ƙa'ida da tara, suna zagayawa. Tallafin da ya je can zama da shawara ya fi biya wa, ba kaya ba. A wuraren da 'yan bindiga suka kori mutane daga gonaki kuwa, a Zamfara da yammacin Katsina da kudancin Maraɗi, maganar renon itace ba ta ma taso ba.

Wani tsari da ya burge ni shi ne na Amurka mai suna SARE, wanda ma'aikatar gonarsu ke tafiyarwa tun 1988. Cikin rassansa akwai ɗan ƙaramin tallafi da manomi da kansa ke nema don ya gwada wata dabara a gonarsa, da sharaɗin zai bayyana sakamakon ga sauran manoma, ko ya yi kyau ko bai yi ba, a kuma ajiye rahoton inda kowa zai karanta kyauta. Manominsu ba namu ba ne, yana da karatu da asusun banki da takardar gona. Amma tambayar daga gona take tasowa ta hau sama. A wurinmu amsa ce ke saukowa daga sama tana neman wanda za ta faɗa wa, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Jarrabawa ta zo ba da daɗewa ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 manyan masu ba Nijar agaji suka dakatar da kuɗi, a 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID. Ofisoshi sun rufe a ƙasashe da dama, ayyuka sun tsaya cak. Gawon Matamaye bai ji labari ba.

Bazarar da ta wuce na tarar da kawuna yana sassabe, ya tara sabara da kalgo tsibi-tsibi zai cinna wuta. Na tsuguna na yi ta zuba masa labarin Maraɗi, har da miliyoyin. Ya saurara yana wasa gatarinsa a dutse. Da na gama ya ce, "Ɗan nan, duk na ji. Mu ma mun tashi mun ga gawo goma sha a gonar nan. In na bari ya girma, ranar da masu gawayi suka zo da dare, kai za ka taso daga birni ka tsare mini?"

Na ce, "Kawu, sai dai a haɗa kai da maƙwabta, a je wurin mai unguwa."

Ya ce mai unguwa ƙaninsa ne ke sayen gawayin.

Duk da haka ya bar kalgo bakwai a kan iyakarsa da gonar gabas, inda ya ce ko ba komai za su nuna masa iyaka. Na yage tsohon rawani na ɗaura musu. Da na koma bayan sallar layya huɗu na nan, ɗaya har ya kai mini kafaɗa. Biyu an sare, ɗaya kuma shi da kansa ya cire, ya ce ƙotar fartanya yake so.